Wuƙar Yaya da Mangwaron Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci itace, ya kuma halicci abin da ke cin itace, bai nemi shawarar mai gida ba.

A gidanmu na garin Garwa akwai mangwaro guda ɗaya a bayan ɗakin Inna, mahaifiyarmu, kusa da katangar da ta raba mu da maƙwabci. Mahaifinmu ne ya binne ƙwallonsa shekarar da ya kafa gidan. Lokacin da abin nan ya faru ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, itacen kuwa ya yi girman da mutum ɗaya ba ya iya rungumar gindinsa. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, ana ta zuba mana kwalta da manyan gine-gine, jiragen ruwa na hawowa kogin Binuwai da damina su kwashi auduga. Duk wannan ci gaba bai rage wa Garwa zafinta ba ko kaɗan. In bazara ta kama, ƙadangare ma sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya ƙetare tsakar gida.

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ɗakinta na ciyawa ne a da, mai sanyi, sai yayana ya samu buɗi, ya yaye ciyawar ya kafa mata kwano don a san ta haifi ɗa. Tun daga ranar ɗakin ya zama tanda. Saboda haka zamanta ya koma ƙarƙashin mangwaro. Nan take salla, nan take jan carbi, nan take ɓarar gyaɗa, nan take karɓar gaisuwa da tsegumin unguwa. Ba ta shiga ɗaki sai ruwa ya kore ta ko barci. Takan ce ranar da aka raba ta da inuwar nan a wuce da ita maƙabarta kawai, can aƙalla akwai darbejiya.

Yayan nawa mahauci ne. Shi ya gaji sana'ar mahaifinmu da teburinsa na kasuwa da wuƙarsa. Ni ƙarami aka kai ni gaban malam, na zauna da allo da tawada har na zama mai karantarwa. Mu biyu ne maza a gidan, kowa da iyalinsa a sashensa.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa uwarta Bafilatana ce, saboda haka kunyarta ninki biyu ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Sunansa a bakinta mutumin nan. Furfura ta fara fito masa, zai durƙusa ya gaishe ta da safe, ta amsa wa butar da ke gefenta. Duk abin da ke tsakaninsu ni ne gada. Zai kawo mata hanta da yamma, ta taɓa, ta ce da ni in gaya wa mutumin nan hantar jiya ta tsohuwar saniya ce. Shi kuma yana tsaye a nan, kunnensa lafiya lau, amma sai ya jira na juyo na maimaita masa. Ya ce ƙasa-ƙasa saniyar ko rabin shekarun mai ƙorafin ba ta yi ba. In juya in ce, Inna, ya ce a yi haƙuri, gobe za a gyara. Da haka gidan ya zauna lafiya shekara da shekaru.

Wata shekara ruwan farko ya sauka mangwaro na kan nuna, sai muka ga baƙin tabo a jikin 'ya'yan. Tabon yakan fara kamar ɗigon tawada, sai ya kumbura, ya tsage, wani ƙaro mai yauƙi ya riƙa tsatsowa. 'Ya'yan suka yi ta faɗowa tun ba su kai ba. Ganyen ma ya kamu, baƙaƙen ɗigo masu kusurwa, kowanne da rawaya kewaye da shi. Daga baya ƙananan rassa suka fara tsagewa suna bushewa daga baki. Inna ba ta ganin tabo. Amma tana jin ganye na zubo mata a ka a lokacin da ba na zubar ganye ba, tana kuma jin rana ta fara samun ƙofa tana taɓa ta a ƙafa.

Kowa ya kawo maganinsa. Matan gida suka watsa toka. Wata tsohuwar unguwa ta ce baki ne, itacen ya cika 'ya'ya mutane sun yi magana, aka rataya masa fasasshiyar tukunya a reshe. Yaya ya ce yunwa itacen yake ji, ya kawo jini da abin cikin tumbi daga mayanka ya tona ya binne a gindinsa. Itacen bai warke ba, amma ƙudajen unguwa sun yi ƙiba, Inna ta yi kwanaki tana jan carbi da mayafi a hanci. Ni kuma ta ce in yi rubutu a wanke a zuba masa. Na ce rubutu ɗan Adam ake yi wa ya sha, ba zan zuba sunan Allah a inda awaki ke fitsari ba. Na dai yi addu'a na tofa. Ta ce ta ga amfanin karatun.

Akwai wani malamin gona, mutumin kudu, da matarsa ke sayen nama a teburin Yaya. Yaya ya yi mata gyara mai kyau, ya roƙi ta turo mijin. Ya zo a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, dogo siriri, da farar riga da alƙaluman biro jere a aljihu. Ba ya jin Hausa. Fillancinsa na kasuwa ne, in ya ƙare masa sai ya cike da Faransanci. Ya gaishe da Inna da ladabi, ya zagaya itacen, ya tsinki ganye ya ɗaga wa rana, ya tsaga wani reshe da farce ya nuna mana baƙin da ke ciki.

Ya ce ba tsutsa ba ce, ba gara ba ce, ba kuma yunwa ba ce. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana zaune cikin ƙaron nan da tabon nan. Ruwan sama da iska ke ɗaukarta daga ganye zuwa ganye, kuma duk inda itace ya ji rauni nan take shiga. Babu maganin da zai kashe ta gaba ɗaya, sai dai a karya mata ƙarfi. Ya ce a jira damina ta wuce. Sannan a sare duk reshen da ya kamu, a sara can ƙasa da inda baƙin ya tsaya, cikin lafiyayyen jiki. Abin da aka sare a ƙone shi, har da ganyen da ya zube. Ƙarfen da aka yi saran da shi kuwa a riƙa tsoma shi a ruwan jabel, wanda ake wanke farin kaya da shi, kafin ya taɓa wani reshe. Bayan haka akwai wani shuɗin magani da ake damawa da ruwa a fesa, shi da kansa zai kawo famfon.

Yaya yana ta gyaɗa kai, na ɗauka ya ji duka. Ashe daga dukan bayanin nan sara kawai ya riƙe, don ita ce ta gidansu.

A nan sai an san mahauci. Mahauci ba ya kwana da dabba marar lafiya. In saniya ta fara tangaɗi ba a cewa a jira rani, wuƙa ake kawowa kafin ta zama mushe. Da wannan ya tashi, kuma a kan saniya gaskiya ne. Na tuna masa an ce a jira damina ta fita. Ya ce ma'aikacin gwamnati ko haihuwa aka kira shi sai ya ce a dawo ranar Litinin.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, hadari na haɗowa daga gabas, Yaya ya tuɓe babbar riga, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya ya sanar za a hau sama, kamar yadda ake yi don matan maƙwabta su shige ɗaki. Ya hau da wuƙar mahaifinmu. Ita wannan wuƙa babba ce, ta saran ƙashi, wani maƙerin Marwa ya ƙera ta tun kafin a haife mu. Ba mai taɓa ta sai shi. Ruwa zalla yake wanke ta da shi, ya goge, ya shafa mata kitse, ya naɗe ta cikin fata. Matarsa takan ce da ana shafa mata rabin man da ake shafa wa wuƙar nan da ba ta san kaushi ba.

Aiki kam ya yi mai kyau, wannan ba a hana shi. Kowane reshe a gaɓa yake cire shi, sara ɗaya. Bai sauko ba sai da ruwa ya kece, ya bi sababbin raunukan yana wankewa daga na sama zuwa na ƙasa.

Sai maganar ƙonawa. Mahauci ba ya yar da komai. Kai abinci ne, ƙafa abinci ce, fata tana da mai ita, ƙaho ma akwai mai nemansa. Kuma a gidanmu ba a taɓa yanka ba maƙwabci bai ga kasonsa ba. Yaya ya dubi tulin rassan ya ce duk wanda ya ƙone wannan a banza, ga mata na wahalar itacen girki, Allah zai tambaye shi. Ya kasa su kashi-kashi kamar naman layya, aka kai gida-gida. Aka yi ta sa masa albarka. Ɗanyen itace ba ya kama wuta, saboda haka kowace mace ta jingine nata ya sha iska a inda ta saba ajiye itace, wato ƙarƙashin bishiyar gidanta.

Maƙwabcinmu na bayan katanga wani alhaji ne Bafilatani, dillalin shanu, abokin cinikin Yaya kuma abokin faɗansa. Tun suna samari yake sayar wa Yaya shanu, kowannensu na rantsuwa ɗayan ya cuce shi, kuma ba wanda ya taɓa neman wani. Yana da ƙaramin mangwaro mai aure, irin na gandun gwamnati, bai daɗe da fara 'ya'ya ba, manya kamar kan jariri. Yana ji da shi ƙwarai, baƙo bai taɓa shiga gidansa ya fita ba a nuna masa ba. Da ya ji labarin gwanintar Yaya sai ya ce a zo a rage masa wani reshe da ke shafar rufin ɗaki. Washegari Yaya ya shiga da wuƙar nan ya rage reshen, ya ƙara da wasu a matsayin gyara.

Kafin damina ta fita, duk inda wuƙar ta sara a itacenmu ya yi baƙi yana zubar da ƙaro. Sababbin ganyen da suka tsiro suka fito da tabonsu tun suna jajaye. Inuwar Inna ta zama rariya. Ta riƙa jan tabarma nan da can tana neman inda rana ba ta zuba, tun hantsi har la'asar. Mangwarorin unguwa suka kamu ɗaya bayan ɗaya. Na alhaji, da yake yaro ne, bai jure ba, ya bushe daga sama ya gangaro.

Alhaji ya zo zaure ya yi sallama. Ya gaisa doguwar gaisuwar Fulani, ya tambayi gida da yara da gajiya da zafi, sai da ya gama duka sannan ya dubi Yaya.

"Sarkin fawa, na daɗe da sanin abin da ya shiga hannunka ba ya fita da rai. Laifina ne da na manta."

Yaya ya ce itacen gwamnati ne, dama ba shi da ƙwari, kamar shanun da wasu ke sayar wa mutane. Alhaji ya ce shanunsa dai da ƙafarsu suke zuwa mayanka. Suka sha shayi. Amma da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya dubi saman katangarsa, inda kan itacen yake leƙowa a da, sannan ya wuce. Wannan kallon ya fi damun Yaya a kan baƙar maganar.

Aka sake kiran malamin gona. Ya daɗe yana kallon itacen. Ya tambaya ko an jira rani. Na ce a'a. Ya tambaya ko an ƙone rassan. Na ce a'a. Ya tambaya ko an wanke ƙarfen, Yaya ya ce ya wanke, da ruwa mai kyau na rijiya. Mutumin ya yi wata doguwar magana da Faransanci wadda ba mu nemi fassararta ba. Da ya huce ya ce itacen tsoho ne, yana da ƙarfi, zai iya ɗaukar sara sau ɗaya nan gaba, babban sara, har a bar shi kusan kututture. In an yi shi da rani da ƙarfe mai tsabta, akwai fata. In kuwa za a sake hawa da wuƙar da ba ta sha jabel ba, gara a sare shi daga gindi a huta, don shi zai riƙa raba wa unguwa cuta.

Rani Yaya ya yarda da shi. Ƙonawa ma ya yarda, da ƙyar. Jabel ne ya ƙi. Ya ce wuƙar da ake yi wa bisimilla kowace safiya ba za ta ɗauki ƙazantar da ba a gani ba. Ya ce ruwan da ake wanke ƙasan asibiti da shi ba zai taɓa ƙarfen ubansa ba, zai cinye mata baki, warin ya shiga nama, a ce a kasuwa teburin wane yana warin ɗakin allura. Aka ce to a sa ta a wuta. Ya ce wanda ya faɗi haka bai san ƙarfe ba, wuta za ta kashe mata kaifi har abada. Aka ce a aro zarto. Ya ce itacen da ubansa ya shuka ba za a yi masa gurzar kafinta ba. Aka ce wani ya hau. Ya ce yana raye babu baƙon da zai hau ya leƙa gidajen mutane. Ni kuwa ko tsani na hau jiri nake ji.

Na kawo masa hujja daga karatu. Na ce, Yaya, ai mai alwala ma yana wanke gaɓoɓin da ba a ga datti a jikinsu ba. Ya ce ranar da na ji wuƙa ta yi tusa in zo a yi mata alwala. Na nemi gafarar Allah a madadinsa, na koma wurin allona.

Da aka matsa masa sai ya juya ta wani gefe. Ya ce to a bi ɗaya shawarar, a sare itacen daga gindi, shi zai gina wa Inna rumfa mai kyau a wurin, siminti a ƙasa, kwano a sama. Inna ta ji an ambaci kwano. Ta ce in gaya wa mutumin nan ya riga ya gasa ta sau ɗaya, ita ba kilishi ba ce da ake mayarwa wuta. Na gaya masa Inna ba ta so. Ya ce in gaya mata tsufa ne, in ta ga rumfar za ta gode. Na gaya mata yana kan tunani. Saƙon da ya bi ta bakin ɗan aike yakan huce a hanya, wannan shi ne amfaninsa, amma a wannan karon shi ne illarsa. Kowannensu ya ɗauka ɗayan ya kusa sauka. Ana cikin haka ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe.

Wata rana da hantsi Yaya ya dawo daga mayanka da masu gatari, ya bar su a zaure. Ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar Inna, ya ce da ni in roƙe ta ta matsa, za a yi aiki. Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. Ta juya fuskarta, ba wajen buta ba, ba wajena ba, wajensa.

"Kai," in ji ta.

Yaya ya waiwaya ya ga ko akwai wani a bayansa.

"Kai nake nufi, mai wuƙa. Ni na haife ka, kana jariri ni na wanke ka da hannuna, safe da yamma, da ruwan da ya fi jabel zafi. Ka fi wuƙar nan ƙazanta, kuma ba ka dakushe ba. Je ka wanke ta."

Matata tana daka a lokacin, taɓaryar ta tsaya a sama. Ba maganar wuƙar ce ta girgiza mu ba. A gaban surukanta da jikokinta Inna ta faɗa da bakinta ita ta haife shi, abin da duk Garwa ta sani amma ba wanda ya taɓa ji daga gare ta. Yaya, mutumin da ke kayar da bijimi, ya kasa tashi daga durƙuson.

"To, Inna," in ji shi. Muryar ta fito siririya, ban san yana da irinta ba.

Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da buta a sallami mutanen zaure, a ba su goro.

Malamin gona ya zo da famfo da shuɗin garinsa. Aka cika daro da ruwan jabel aka ajiye a gindin itacen. Yaya ya yi sanarwa ya hau, wuƙar ɗaure da doguwar igiya. Ya sare reshe, ya zuro ta, in tsoma ta ta ɗan jima, ya ja ta sama. Duk tsomawa sai ya kawar da kai, kamar uban da ake yi wa ɗansa kaciya. Malamin gona yana ƙasa yana nuna masa inda zai sara, yana cewa ƙara ƙasa, ƙara ƙasa, har sai farin itace ya fito ba baƙi a ciki. Aka share ganye tas, aka kwashe rassan zuwa fili aka cinna musu wuta. Yaya ya tsaya yana kallon hayaƙin yana lissafa tukwanen da da sun dahu.

Abin da ya fi masa wuya shi ne bin gida-gida yana karɓo ragowar kason da ya raba. Wasu sun riga sun yi girki da nasu, Allah ya taimake shi. Wata tsohuwa ta miƙo masa nata ta ce ta rayu har ta ga mahauci ya zo karɓar kyautarsa, saura tashin ƙiyama. Duk gidan da ya shiga sai ya roƙi izini ya gyara musu itacensu, da daronsa a hannu.

Feshin ma ya ce shi zai yi. Iska ta juyo masa da shi, gemunsa ya yi shuɗi, ya yi kwanaki yana zuwa kasuwa a haka. Alhaji ya riƙa gaya wa mutane sarkin fawa ya koma marina. Wuƙar kuwa ta yi ɗan tsatsa a gefe, ya zauna da dutsen wasi da kitse yana ba ta haƙuri har ta koma yadda take. Ba wanda ya ce nama yana wari.

Itacen ya tsaya tsirara, kututture da 'yan hannuwa a sama, shuɗi kamar an rina shi. Bazarar wannan shekara Inna ba ta da inuwa. Yaya ya kafa mata rumfa a jikin gindin, ta zana, bai ƙara ambaton kwano ba. Ta zauna a ciki tana ƙorafi ta bakina, ta ce zanar ta yi ƙasa, ta ce ta yi sama, ta ce tana zubo mata da ƙaiƙayi. Ƙofar da ta buɗe ranar nan ta mayar ta rufe. Ya koma mutumin nan, buta ta koma karɓar gaisuwa.

Da ruwa ya kusa aka sake feshi. Sabon ganye ya fito jajawur, sannan ya yi kore, mafi yawansa ba tabo. Cutar ba ta tafi duka ba, malamin gona bai yi mana ƙarya ba. Ta zama kamar ciwon gwiwar tsoho, duk damina sai ta ɗan motsa, duk rani sai a hau a rage abin da ya kamu a ƙone. Yaya ya ajiye kwalbar jabel a zaure, ya zama mai wa'azinta a unguwa, wanda bai sani ba sai ya ce shi ya ƙirƙiro ta. Da rassa suka fara miƙewa Inna ta ce in gaya wa mutumin nan wanda ya nufi katanga kada ya taɓa shi in dai lafiyarsa lau, na maƙwabci ne. Reshen ya ƙetare ya shiga gidan alhaji. Alhaji ya ce mangwaron gargajiya ne, duk zare, bai kai ƙafar nasa ba. Amma ba mu taɓa ganin ya jefo ko ɗaya ta saman katanga ba.

Sai da aka ɗauki wasu shekaru kafin itacen ya sake 'ya'ya sosai, Allah kuwa ya ja kwanan Inna ta gani, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Yaya da alhaji. Lokacin an daɗe da cire zanar, inuwa ta dawo, ko da ba ta kai ta da faɗi ba. Yaya ya tsinko na farko da ya nuna, ya juya shi ya duba ko'ina, ba tabo. Ya wanke, ya kwance wuƙar nan daga fatarta, wuƙar saran ƙashi, ya yanka shi sala-sala don Inna ba ta da haƙori. Ya sa a ƙwarya ya ajiye a bakin tabarma, ya durƙusa.

Ta ci a hankali, ruwan na bin hannunta har gwiwa. Ta tsotse ƙwallon har ya yi fari. Sannan ta juyo wajena.

"Ka gaya wa mutumin nan yana warin jabel."

Na juya na gaya masa. Ya ce ya ji, in tambaye ta ko a ƙaro.

Ban kai ga tambayar ba. Ta riga ta miƙa ƙwaryar, kuma ba ni ta miƙa wa ba.